Tarihin Sauƙaƙa Lissafin Gutsuren Mataki a Fannin Sarrafa Na'urori

Lissafin gutsuren mataki reshe ne na kalkulas da ke auna sauyi a matakin da ba cikakkiyar lamba ba, kamar rabi ko sulusi. Asalinsa wasiƙa ce da Leibniz ya aika wa L'Hôpital a 1695, inda ya tattauna ma'anar sauyi a matakin rabi. Liouville a 1832 da Riemann a 1847 suka kafa masa ginshiƙi, sai Caputo ya kawo ma'anar da injiniyoyi suka fi amfani da ita a 1967.

Injiniyoyi sun rungumi wannan lissafi ne saboda yana dacewa da abubuwan da halinsu na yanzu ya dogara da duk abin da ya same su a baya, irin su batir, roba da yaɗuwar zafi cikin ƙarfe. A nan kuma wahalar take. Don lissafa amsar irin wannan tsari daidai, dole a riƙe tarihinsa gaba ɗaya, kuma ƙaramar kwamfutar da ke cikin inji ba ta da wurin ajiya ko lokacin yin haka.

Mafita ta farko ita ce kwaikwayon gutsuren mataki da jerin ƙananan tsare-tsare masu cikakken mataki. Carlson da Halijak sun nuna hanya a 1964, Charef da abokan aikinsa suka kawo tasu a 1992. Wadda ta fi karɓuwa ita ce ta Alain Oustaloup na Bordeaux a Faransa, mai tsarin sarrafa na'urori da ake kira CRONE. Kwaikwayonsa yana yin daidai ne kawai cikin iyakar saurin girgiza da injiniya ya zaɓa tun farko.

Sai dai kwaikwayon kan haifar da lissafi mai tsawo, don haka ake sake rage shi da dabarar da Moore ya gabatar a 1981, wadda ke zubar da sassan da tasirinsu bai taka kara ya karya ba. A gefe guda kuma, Matignon ya fitar da sharaɗin daidaituwar tsare-tsare masu gutsuren mataki a 1996, Podlubny na Slovakiya kuma ya bayyana na'urar sarrafawa ta PID mai gutsuren mataki a 1999.

Ma'aunin kyakkyawan sauƙaƙawa a yau shi ne lissafi ya gajarta har inji ya iya ɗauka, ba tare da tsarin ya rasa daidaitonsa ba.