Citta a Kwoi: Yadda Ajiya ke Daidaita Kasuwa

Kwoi, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jaba a kudancin Jihar Kaduna, na cikin manyan cibiyoyin cinikin citta a Najeriya, tare da Kachia da Kafanchan. Ana shuka citta a farkon damina, a haƙe ta da kaka, a tsaga, a shanya.

Girbi sau ɗaya ne a shekara, amma buƙata hawa da sauka take yi. Takan ƙaru da hunturu da watan azumi, kuma masu fitar da kaya ta Legas kan ƙara saye idan amfanin Indiya ko Sin ya ragu.

Shi ya sa ajiya ta zama ginshiƙin kasuwar. 'Yan kasuwa kan sayi busasshiyar citta da araha, su jibge a sito har farashi ya tashi, ko da yake danshi kan jawo fumfuna, jari kuma ya kwanta. Manomin da ya sayar da duka kuwa ya rasa irin baɗi.

A 2023, cuta ta lalata gonaki masu yawa a yankin. Citta da irinta suka yi ƙaranci, farashi ya yi tashin gwauron zabo.