Daga Kaburbura Biyu Zuwa ECWA: Inda Kiran Fasto Bingham Ya Kai

Duk wanda ya bi hanyar Jos zuwa Kafanchan, ko ta Gombe zuwa Kaltungo, ba zai yi nisa ba sai ya ga allon majami'ar ECWA a bakin titi. Masu sujada a ciki sun san sunan Bingham, ko don jami'ar da ke Karu, amma kaɗan ne suka san cewa mutumin bai taɓa zama a ƙasar nan ya yi aikin bishara na shekaru ba. Sau biyu ya zo da niyyar zama, sau biyu zazzaɓi ya kora shi gida.

An haifi Rowland Bingham a Ingila a shekarar 1872. Yana yaro mahaifinsa ya rasu, ya ƙaura zuwa Kanada tun bai kai shekara ashirin ba, ya yi wa'azi tare da ƙungiyar Salvation Army, daga baya ya zama mataimakin wani fasto a Toronto. A can ne abin da shi kansa ya kira bishewar Ubangiji ya same shi, a falon wata dattijuwa, mahaifiyar wani saurayi mai suna Walter Gowans. Ta gayyace shi gidanta, ta zaunar da shi, ta yi ta ba shi labarin ƙasar Sudan, wato yankin nan da ya miƙe kudu da Sahara, wanda ƙasar Hausa ke tsakiyarsa. Ɗanta ya riga ya tafi Ingila neman ƙungiyar da za ta aike shi, kowa ya ce masa a'a. Bingham ya kwana da maganar, ya koma ya ce mata zai bi ɗanta.

Ranar 4 ga Disamba, 1893, samari uku suka sauka a Legas: Gowans, Bingham, da Thomas Kent ɗan Amurka. Ba ƙungiya a bayansu, ba kuɗin kirki a aljihu. Shugaban 'yan mishan na Methodist da suka tarar ya faɗa musu gaskiyar da ya sani, cewa ba su ba ganin Sudan, ba kuma 'ya'yansu ba, sai dai ko jikokinsu. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Bingham, aka bar shi a Legas yana tura kaya, biyun suka nausa arewa. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, kudu da Zariya, Kent kuma a Bida. Bingham ya koma Kanada a 1895 da 'yan kayan marigayi Gowans, ya kai wa uwarsa.

A nan ne, a ganina, tarihin ya cancanci a tsaya a kansa. Mutum ya ce Allah ne ya aike shi, ya dawo ba tubabbe ko ɗaya, sai kaburbura biyu. Me zai ce da uwar mamaci? Ita ce ma ta ƙarfafa shi, ta nuna masa cewa mutuwar ɗanta a kan hanyar biyayya ta fiye mata zamansa a gida cikin ƙin kira, ta kuma ci gaba da tara mutane suna addu'a domin Sudan. Shi kuwa bangaskiyarsa ta girgiza ƙwarai. Ya taso cikin koyarwar da ke cewa mai bi na gaske addu'a ta ishe shi waraka, ga shi abokansa masu addu'a sun mutu. Sai da ya sake zama ya binciki Littafi Mai Tsarki, ya kuma koyi ɗan aikin asibiti, har ya kai ga fahimtar cewa shan magani ba rashin bangaskiya ba ne. Wannan sauyin tunani na mutum ɗaya shi ne kakan asibitocin da za mu ambata a gaba.

Bingham ya karɓi aikin fasto a wata majami'ar Baptist a Newburgh, jihar New York. A 1898 ya auri Helen Blair, a shekarar kuma ya kafa kwamitin da zai tallafi aikin. Ba da jimawa ba ya ajiye aikin fasto da albashinsa, da amarya a ɗaki, ya rungumi ƙungiyar da ba ta da ko tasha ɗaya. Ana yawan ba da wannan labari a matsayin jarumtakar miji, alhali matar da ta yarda aka rufe ƙofar albashi ita ce za ta riƙa ɗora tukunya kowace rana. A 1900 ya sake zuwa Legas, zazzaɓi ya sake kayar da shi cikin 'yan makonni, aka ɗora shi a jirgin ruwa, abokan tafiyarsa biyu su ma suka karaya suka biyo shi.

Yunƙuri na uku ne ya kama ƙasa, kuma Bingham ba ya cikin tafiyar. Mutum huɗu suka kafa tasha a Patigi, ƙasar Nufe, a 1902. Lokacin an gane amfanin kwinin, turawan mulki kuma suna mamaye Arewa, hanyar kogin Kwara ta buɗe. A shekarar ne Andrew Stirrett, mai kantin magani a Toronto, ya bar dukiyarsa ya shigo aikin. Shi ne Hausawa suka laƙaba wa Bature Mai Magani, yana kuma cikin waɗanda suka yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito a 1932.

Sai dai ƙungiyar, wadda ta ɗauki sunan Sudan Interior Mission, ko SIM, ba ta sami abin da ta fito nema ba. Idonta yana kan Kano da manyan biranen sarakuna, gwamnatin mulkin mallaka kuwa ta hana 'yan mishan shiga masarautun Musulmi. Dole suka karkata: Egbe a 1908, Kwoi da Karu a 1910, Kaltungo a 1917, sannan Kagoro. Ta haka ikilisiyar da aka yi mafarkin kafawa a birnin Kano ta yi saiwa a tsakanin Jaba, Gbagyi, Tangale da Yagba, harshen Hausa ya zama na waƙa da wa'azi da makarantar Littafi a yawancin tashoshin Arewa. Sai a shekarun 1930 ƙofar masarautu ta ɗan buɗe, ta hanyar kula da kutare a Yadakunya, Babbar Ruga da Amanawa, aka kuma fara aiki a ƙauyukan Maguzawa. Asibitin ido na Kano ya biyo baya a 1943. A ƙetaren iyaka an buɗe tasha a Damagaram a 1924, asibitin Galmi kuma a 1950.

Bingham ya rasu a Disamba 1942, bai ga ECWA ba. A 1954 ne majami'un da suka fito daga aikin SIM suka haɗu ƙarƙashin wannan suna, a 1976 kuma mishan ta miƙa musu makarantu, asibitoci da kantunan littattafai. A 2011 aka sauya ma'anar sunan zuwa Evangelical Church Winning All, domin ikilisiyar ta wuce Afirka ta Yamma da tsohon sunan ya ambata. An kafa Jami'ar Bingham a 2005, asibitin Jankwano na Jos ya zama asibitin koyarwarta.

Amma wa ya yi aikin bazuwar? Bature yakan zauna a tasha. Mai bishara ɗan ƙasa shi ke ɗaukar matarsa da 'ya'yansa da fartanyarsa ya tare a ƙauyen da bai san kowa ba, ya roƙi gona, ya yi noma da safe, da yamma ya tara yara a gindin bishiya yana koya musu karatu. Matarsa ita ke shiga gidajen da namiji ba ya shiga, ita ke karɓar haihuwa, ita ke fara zumuntar mata. Tun ƙarshen shekarun 1940 majami'un suka kafa tasu ƙungiyar aika masu bishara, wadda ake kira EMS yau, da kuɗin baikon manoma. Panya Baba ɗan Karu ya jagorance ta daga 1970 zuwa 1988. Byang Kato ɗan Kwoi ya zama babban sakataren ECWA a 1967, ya kai har shugabancin ƙungiyar masu bishara ta Afirka kafin ya rasu a Mombasa a 1975. Waɗannan biyu an rubuta tarihinsu. Dubban sauran, waɗanda su ma suka ce Ubangiji ne ya bishe su, suka binne 'ya'ya a ƙauyukan baƙunci, sunansu na bakin tsofaffi ne kawai.

Bingham ya zauna ya rubuta nasa labari kafin ya mutu, shi ya sa muka san abin da ya faru a falon mahaifiyar Gowans. Ya kamata kowace gundumar ECWA ta sa matasanta su ɗauki waya su je wurin tsofaffin fastoci da gwaurayen masu bishara, su naɗi muryarsu, su rubuta wanda ya fara zuwa garinsu, da shekarar, da sunan matarsa, tun masu ba da labarin suna raye.