Autopoiesis: kalmar da ke raba mai rai da inji

Autopoiesis, da Faransanci autopoïèse, kalma ce ta kimiyyar halittu da ke nufin tsarin da yake samar da kansa da kansa. An haɗa ta ne daga tsohon Girkanci: autos, wato "kai", da poiesis, wato "yi" ko "ƙirƙira". Mai jin Faransanci ya san su duka, ta farko a automobile, ta biyu a poésie, wato waƙa. Ɗaliban likitanci a asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi kan haɗu da ta biyun a hematopoiesis, yadda ɓargo ke samar da ƙwayoyin jini.

Sai dai Girkawan da ba su san wannan haɗin ba. Masana biyu 'yan ƙasar Chile, Humberto Maturana da tsohon ɗalibinsa Francisco Varela, su suka ƙirƙiro shi a farkon shekarun 1970, littafinsu kuma ya fito da Turanci a 1980. Maturana ya ce kalmar ta zo masa ne a hira da wani abokinsa kan labarin Don Kishot, wanda ya tsaya tsakanin hanyar makami da ta alƙalami.

Tambayarsu ita ce: me ya sa ake cewa abu yana da rai? A Suame Magazine, babbar matattarar makanikai da maƙera ta Kumasi, inji na iya fitar da ƙusa ko ƙarfen mota, amma idan haƙorinsa ya cinye, sai an kira mai gyara. Abin da yake samarwa daban, shi daban. Wannan suka kira allopoiesis. Ƙwayar halitta kuwa ita ke ƙera sinadaranta da tantanin da ya kewaye ta, tantanin kuma shi ke riƙe aikin da ke ƙera shi. Ranar da wannan zagayen ya tsaya, ta mutu. Bisa wannan ma'auni, bairus ba ya cikin masu rai, tunda sai ya shiga wata ƙwayar yake yaɗuwa.

A 1984 Bajamushe Niklas Luhmann ya ari kalmar zuwa nazarin zamantakewa, yana cewa shari'a da tattalin arziki ma haka suke sabunta kansu. Varela bai gamsu da wannan aron ba, kuma yana da hujja: al'umma ba ta da tantanin da za a nuna.