Yogi Berra: Daga cafe ƙwallo zuwa jagorancin kulob

A tarihin wasan besbol na Amurka babu ɗan wasan da ya kai Yogi Berra yawan lashe kofin zakarun ƙasar, wanda ake kira World Series, domin sau 10 yana cin kofin tare da kulob ɗin New York Yankees.

Sai dai bayan da ya koma aikin manaja, wato babban mai horar da 'yan wasa, sau uku ana sallamarsa, duk kuwa da cewa ya kai kulob biyu har wasannin ƙarshe na gasar.

Mene ne aikin mai cafe ƙwallo?

A wasan besbol kowane ɓangare na da 'yan wasa tara a fili. Mai jifa yana wurga wata 'yar ƙaramar ƙwallo mai tauri, mai bugu daga ɗaya ɓangaren kuma yana ƙoƙarin make ta da kulki, sannan ya ruga ya zagaya zanguna huɗu domin ya ci maki.

A bayan mai bugu akwai wani ɗan wasa a tsugune, sanye da garkuwar fuska da ta ƙirji da ta ƙwauri. Shi ne mai cafe ƙwallo, kuma shi ke tare jifan da kan wuce gudun kilomita 140 a sa'a guda.

Amma cafewar ita ce ƙaramin ɓangaren aikinsa. Shi kaɗai ne a cikin 'yan kulob ɗinsa yake fuskantar filin gaba ɗaya, kuma shi ke zaɓa wa mai jifa irin jifan da zai yi, mai sauri ko mai lanƙwasa, sama ko ƙasa. A zamanin Berra da yatsu ake ba da wannan alama, a ɓoye tsakanin cinyoyi.

Don haka dole ne ya haddace raunin kowane mai bugu na abokan hamayya, ya kuma san halin masu jifansa: wanda ke buƙatar lallashi da wanda sai an tsawata masa.

Wannan ne ya sa masu cafe ƙwallo da dama ke zama manajoji. Connie Mack, wanda ya jagoranci Philadelphia Athletics tsawon shekara 50, daga 1901 zuwa 1950, tsohon mai cafe ƙwallo ne. Haka ma Joe Torre da Bruce Bochy, waɗanda kowannensu ya ci kofin sau huɗu a matsayin manaja.

Tasowarsa

An haifi Lawrence Peter Berra ranar 12 ga watan Mayun 1925 a birnin St. Louis na jihar Missouri, a wata unguwa ta 'yan ci-rani daga Italiya. Ya bar makaranta bayan aji takwas domin ya taimaka wa iyayensa.

Laƙabin Yogi kuwa wani abokinsa ne ya raɗa masa, saboda yadda yake zama ya harɗe ƙafafu kamar masu yoga na Indiya.

A 1942 kulob ɗin garinsu, St. Louis Cardinals, ya ɗauki maƙwabcinsa Joe Garagiola a kan dala 500, shi kuma aka yi masa tayin abin da bai kai haka ba. Berra ya ƙi karɓa. Daga baya Yankees suka biya shi dala 500 ɗin cif.

Yaƙin duniya na biyu ya katse masa wasa. Ya shiga rundunar sojan ruwa, kuma yana cikin wani ƙaramin jirgin ruwa mai harba rokoki a ranar 6 ga watan Yunin 1944, lokacin da dakarun ƙawance suka sauka a gaɓar Normandy ta Faransa.

Ya buga wasansa na farko a babbar gasa ranar 22 ga watan Satumban 1946.

Zamanin Yankees

Da farko 'yan jarida da abokan hamayya sun mayar da shi abin dariya. Gajere ne kakkaura, tsayinsa kimanin santimita 170, kuma cafewarsa ba ta da kyau. A 1949 ne sabon manaja Casey Stengel ya danƙa shi ga Bill Dickey, tsohon gwanin wannan matsayi, wanda ya koya masa aikin tun daga tushe.

Daga wannan shekara zuwa 1953 Yankees suka ci kofin sau biyar a jere, abin da babu kulob ɗin da ya sake yi. An zaɓi Berra gwarzon ɗan wasa na rukunin American League a 1951 da 1954 da 1955.

Wajen bugu ma ba kanwar lasa ba ne. Sau 358 yana yin bugun da ke ba mutum damar zagaye zangunan duka a tashi ɗaya, kuma ya yi suna wajen kai wa ƙwallo duka ko da jifan ya kauce, ya kuma same ta. A kakar 1950, cikin zuwa bugu 597, sau 12 kacal mai jifa ya fitar da shi ta hanyar kuskuren bugu.

Ranar da aka fi tunawa da ita ita ce 8 ga watan Oktoban 1956, a karawa ta biyar ta World Series da Brooklyn Dodgers. Mai jifa Don Larsen ya fitar da masu bugu 27 a jere ba tare da ko ɗaya ya taka zangon farko ba. Har yanzu ba a sake yin haka a World Series ba.

Larsen ya sha yabo, kuma ya cancanta. Amma shi da kansa ya riƙa faɗin cewa a cikin jifa 97 da ya yi a ranar, bai ƙi bin alamar Berra ko sau ɗaya ba.

Kora ta farko

Berra ya ajiye kulki a ƙarshen kakar 1963, aka naɗa shi manajan Yankees yana da shekara 38. Matsalarsa ita ce waɗanda zai shugabanta, irin su Mickey Mantle da Whitey Ford, abokan wasa da raha ne na jiya.

A watan Agustan 1964, bayan kulob ɗin ya sha kashi sau huɗu a jere a Chicago, wani ɗan wasa mai suna Phil Linz ya kama busa wani ɗan ƙaramin abin kiɗa a cikin motar da ta ɗauko su. Berra ya ce ya daina, Linz ya ci gaba, sai Berra ya taso ya kaɗe abin busan daga hannunsa.

Jaridu sun yi ta yayata labarin a matsayin shaidar cewa Berra ya kasa riƙe 'yan wasansa. Amma daga nan kulob ɗin ya farfaɗo, ya kammala kakar da nasara 99, ya zama zakaran rukuninsa, kafin Cardinals su doke shi a karawa ta bakwai, wadda ita ce ta ƙarshe, a World Series.

Washegari aka sallami Berra. Wanda aka ba kujerarsa kuwa shi ne Johnny Keane, manajan Cardinals ɗin da suka doke shi.

Da wuya a ce shawarar ta amfani Yankees. A 1965 sun ƙare a matsayi na shida, a 1966 suka zo na ƙarshe, kuma ba su sake zuwa World Series ba sai a 1976.

Kulob ɗin Mets

Berra ya koma ɗaya kulob ɗin birnin, New York Mets, a matsayin mataimakin mai horarwa, kuma yana wurin suka ci kofin 1969. Da manajansu Gil Hodges ya mutu sakamakon bugun zuciya a watan Afrilun 1972, sai aka ba shi ragamar.

A ƙarshen watan Agustan 1973 Mets na can ƙasan teburin rukuninsu. A wannan kakar ce ake danganta masa maganar da ta fi kowace tasa yaɗuwa, cewa wasa bai ƙare ba sai ya ƙare, kwatankwacin abin da Bahaushe ke nufi da ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Mets suka haye saman teburin da nasara 82 da rashin nasara 79, suka fitar da Cincinnati Reds, sannan suka faɗi a hannun Oakland Athletics, nan ma a karawa ta bakwai. An soki Berra da cewa ya yi gaggawar sa gwanin mai jifansa Tom Seaver a karawa ta shida kafin ya huta sosai.

A watan Agustan 1975 Mets suka sallame shi.

Irin waɗannan maganganu nasa masu kama da shirme, kamar cewa babu mai zuwa wani gidan abinci yanzu saboda cunkoso ya yi yawa a wurin, sun ƙara masa farin jini. Sai dai sun kuma sa wasu na kallonsa a matsayin ɗan barkwanci, suna manta cewa mutumin da ya tsara jifa 97 ba tare da kuskure ba ne ke magana.

Shekara 14 na ƙaurace wa fili

Ya dawo Yankees a 1976 a matsayin mataimaki, aka ci kofi da shi a 1977 da 1978. A 1984 mai kulob ɗin, George Steinbrenner, wanda ya yi ƙaurin suna wajen sauya manajoji, ya sake naɗa shi manaja.

Kafin a fara kakar 1985 Steinbrenner ya ba da tabbacin cewa Berra zai kammala shekarar. Bayan wasa 16 kacal, da nasara shida, sai ya kore shi. Ɗansa Dale Berra na cikin 'yan wasan kulob ɗin a lokacin.

Ba korar ce ta fi ɓata masa rai ba, domin ya saba da ita. Abin da ya ƙi yafewa shi ne Steinbrenner bai faɗa masa da bakinsa ba, sai ya aiko wani jami'in kulob ɗin, Clyde King, da saƙon.

Berra ya sha alwashin ba zai sake taka filin Yankee Stadium ba muddin Steinbrenner ne mai kulob ɗin. Ya yi aikin mataimaki a Houston Astros daga 1986 zuwa 1989, kuma ya ƙi amsa duk wata gayyata ta bukukuwan tsofaffin 'yan wasan Yankees, alhali tun 1972 kulob ɗin ya jingine lambar rigarsa, 8, don girmama shi da malaminsa Dickey.

A watan Janairun 1999 Steinbrenner ya yi tattaki da kansa zuwa gidan tarihin da aka gina da sunan Berra a jami'ar Montclair da ke jihar New Jersey, ya nemi afuwa, Berra kuma ya karɓa.

Aka ware ranar 18 ga watan Yulin shekarar don karrama shi a Yankee Stadium, inda Don Larsen ya yi jifan buɗe wasa, Berra ya cafe. A wasan da ya biyo baya, mai jifan Yankees David Cone ya fitar da masu bugun Montreal Expos 27 a jere, kamar yadda Larsen ya yi shekara 43 kafin nan. Wanda ya cafe masa ƙwallo a ranar, Joe Girardi, shi ma daga baya ya zama manajan Yankees, ya ci kofin 2009.

A jimlace, Berra ya yi nasara a wasa 484 a matsayin manaja, aka doke shi a 444.

Matarsa Carmen, wadda ya aura a 1949, ta mutu a 2014. Shi kuma ya mutu ranar 22 ga watan Satumban 2015 yana da shekara 90, daidai shekara 69 da wasansa na farko. A watan Nuwamban shekarar shugaba Barack Obama ya ba shi lambar yabo mafi girma da Amurka ke ba farar hula, ɗansa Larry ya karɓa a madadinsa.