Daga Garmaho zuwa Katin Waya: Tarihin Adana Muryar Mawaƙanmu

Gabatarwa

A hutun da ya wuce na je gida Goronyo, na kunna wa kakana waƙar Shago ta Ɗan Anace daga cikin wayata, ina tsammanin zan faranta masa rai. Ya saurara jim kaɗan, sa'an nan ya girgiza kai ya ce, "Kai yaro, wagga ba muryatai ta ba." Ya sa aka ɗauko tsohon kaset ɗinsa muka kwatanta. Waƙa ɗaya ce, baiti ɗaya, amma muryar da ke cikin wayata ta fi siranta, kalangun kuma yana sauri kamar ana korarsa. Wannan ne ya sa na bi diddigin yadda muryar mawaƙi ke tasowa daga bakinsa har ta iso kunnenmu, da abin da ke samunta a hanya.

Zamanin garmaho

A shekarar 1877 Thomas Edison na Amurka ya ƙera na'urar farko mai ɗaukar murya ta maimaita ta. A 1887 kuma Emile Berliner ya fito da garmaho mai amfani da faifai. Faifan da ya yaɗu a ƙasar Hausa zamanin Turawa shi ne mai juyawa sau 78 a minti ɗaya, kuma kowane gefe ba ya ɗaukar fiye da waƙar kimanin minti uku. Ke nan mawaƙin da ya saba kwana yana waƙa tilas ya datse ta. Daɗin daɗawa, da hannu ake wana garmahon, in wanin ya fara saki sai faifai ya rage gudu, murya ta yi ƙasa ta yi kauri. Tun daga nan aka gane cewa ɗaukar murya rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne a maido ta da daidai saurin da aka ɗauke ta.

Rediyo da kaset

A 1957 Sashen Hausa na BBC ya fara aiki, a 1962 kuma aka buɗe gidan rediyon Kaduna, lokacin da Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, yake Firimiyan Jihar Arewa. Gidajen rediyo sun ɗauki makaɗa da yawa a kan manyan zarurruka, suka isar da su garuruwan da ba su taɓa takawa ba. Ta irin wannan hanya ce muryoyin su Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa, da Salihu Jankiɗi, da Musa Ɗanƙwairo, da Ɗan Anace na Gandi suka wuce zamaninsu.

Sai kamfanin Philips ya fito da ƙaramin kaset a 1963. Zarensa yana tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa ɗaya. Kaset ya ba talaka abin da garmaho bai ba shi ba, watau ikon ɗauka da kansa. Mutum ya kara rikodarsa a bakin rediyo, wani ya kwafa daga gare shi, wani kuma daga na biyun. Amma kowace rikoda da irin gudunta, ga batir yana sanyi, ga zafin rani yana miƙar da zare. Kowane kwafi yana gadon aibin wanda ya gabace shi, ya ƙara nasa.

Zamanin lambobi

A 1982 Sony da Philips suka kawo faifan CD kasuwa. A nan ba a zana sauti a jikin faifai, auna shi ake yi. Akwai na'urar da ke auna ƙarfin sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, ta rubuta kowane awo da lamba. In za a saurara, wata na'urar ce ke mai da lambobin su koma sauti. Irin wannan ta biyun tana cikin kowace wayar hannu da muke riƙe da ita.

Abin da ke ƙidaya waɗannan awo shi ne agogo, wani ɗan ƙanƙanin dutse mai kaɗawa in lantarki ya ratsa shi, irin na cikin agogon hannu mai batir. In bugunsa yana ɗan gaba yana ɗan baya, lambobi suna nan daidai amma ba su zo a kan lokaci ba, sai sauti ya dusashe. In kuma an haɗa na'ura biyu da waya, tilas ɗaya ta ja gaba ɗayar ta bi agogonta, kamar yadda 'yan amshi ke bin ubangidansu. In kowace ta bi nata, sai a riƙa jin ƙas-ƙas a cikin waƙa. Saboda haka ne masu sha'awar sauti a Turai da Japan suke kashe maƙudan kuɗi, su sayi na'urar juya lambobi daban, agogo daban, wayoyin haɗi daban.

Mu damuwarmu ta fi tasu girma. Su suna gyaran kuskuren da kunne da ƙyar yake kamawa. Mu kuwa, in an ɗauki waƙa a kan awo 44,100 aka kunna ta a kan 48,000, za ta ƙara sauri da kusan kashi 9 cikin 100. Haka kuma in rikodar da aka kwafo kaset da ita tana gudu fiye da ƙima, lambobi za su riƙe wannan kuskure su yi ta yaɗa shi daga waya zuwa waya ba tare da ya ragu ba. Ɗaya daga cikin biyun nan ne ya sami waƙar da na kunna wa kakana.

Kammalawa

'Yan'uwana ɗalibai, mu ne muke zama mu rubuta waƙoƙin nan don kundayenmu, mu yi magana a kan karin murya da amon kiɗa da salon rerawa. In kwafin da muka dogara da shi ya karkace, nazarinmu ma ya karkace. Masu adana sauti na duniya sun ba da shawarar a juya tsofaffin zarurruka da awon da bai gaza 48,000 ba, daga zare na asali, da rikodar da aka daidaita gudunta. Ina roƙon malamanmu su sa wannan a cikin darasin hanyoyin bincike. Mu kuma kowa ya koma garinsu, Wurno ko Rabah ko Goronyo, ya nemi akwatunan kaset da ke ƙarƙashin gadajen iyayenmu, ya rubuta wanda ya ɗauka da inda aka ɗauka. Sa'an nan ya kunna wa dattijon da ya ji mawaƙin da kunnensa tun yana raye, domin shi ne zai iya cewa wannan muryar ce ko ba ita ba ce. Irin waɗannan dattawa kuwa kullum raguwa suke yi.