Daga Lugu zuwa Shikal: fim ɗin Sarauniya da bashin da ke kan Kurfayawa

A shekarar 1980 ne Abdullahi Mamani, ɗan gwagwarmayar jam'iyyar Sawaba, ya wallafa littafinsa na Faransanci mai suna Sarraounia. Labarin ya ginu ne a kan gumurzun da aka yi a Lugu, cikin ƙasar Arewa, a watan Afrilu na 1899, sa'ilin da rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mayar da littafin fim a 1986, wanda ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987.

Sai dai akwai abin lura. Ba a Nijar aka ɗauki fim ɗin ba, a Burkina Faso ne, kuma 'yar wasan ƙasar, Ai Keita, ita ta fito a matsayin Sarauniya. Haka nan marubucin ya yi amfani da 'yancin mai ƙirƙira, ya fito da ita jarumar fagen daga, alhali a Lugu sarauta ce ta addinin gargajiya wadda mata ke gada. Duk da haka, littafin da fim ɗin su ne suka kai sunanta duniya.

To, ina labarin maƙwabciyar Arewa, wato Kurfai? Wajen 1925, wata mace mai suna Shibo ta garin Shikal, kusa da Filinge, ta jagoranci Babule, waɗanda aka fi sani da Hauka. Iskokinsu na kwaikwayon sojoji da manyan Nasara, mabiyansu kuwa suka bijire wa sarki Gado Namalaya da Faransawa suka ɗaure wa gindi. Hukumar mulkin mallaka ta kama su, ta tsare su a Yamai. Da Jean Rouch ya yi fim ɗinsa Les Maîtres fous a 1955, 'yan ci-rani ya ɗauka a Gana. Ba tarihin Shikal ya bayar ba.

Darasin a fili yake: abin da aka rubuta shi ke wanzuwa. Ya kamata malamai da ƙungiyoyin al'adu na Filinge su nuna wa ɗalibai fim ɗin Hondo, sannan su tura su wurin dattawa da alƙalami da rakoda, tun masu riƙe da labarin Shibo ba su ƙare ba.