Fim ɗin Gaskiya a Nijar Bayan Samun Mulkin Kai

Fim ɗin gaskiya, wanda ake ɗaukar mutane cikin harkokinsu ba tare da 'yan wasa ba, ya riga mulkin kai zuwa Nijar. Dokar Laval ta 1934 ta hana ɗaukar fim a ƙasashen Afirka da Faransa ke mulka sai da izinin hukuma, don haka kyamara ta daɗe a hannun Turawa. Fitaccensu shi ne Jean Rouch, wanda ya zo Nijar a 1941 yana injiniyan hanyoyi, daga baya ya koma bin mafarautan dorina da zaki da 'yan borin Zabarmawa.

Bayan 1960 aikin ya koma hannun cibiyoyin Yamai, musamman cibiyar bincike ta IRSH da cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, amma a lokacin kuɗi da wankin fim galibi daga Faransa suke. A Yamai Moustapha Alassane ya koyi sana'ar, har ya fitar da Aouré a 1962, kan al'adun aure.

Salon fina-finan wancan lokacin ba shi da wuyar ganewa. Ƙaramar kyamara ce mai milimita 16, a hannu ko a kafaɗa, da hasken rana, ana bin biki, kokawa ko farauta. A Tourou et Bitti (1971) Rouch ya shiga garin Simiri da kyamara a kunne, bai tsayar da ita ba kusan minti goma, har kiɗan ganguna ya sa iska ta hau. Inda salon ya gaza shi ne wajen murya: ana ganin bakin manomi yana motsi, amma mai bayani da Faransanci ake ji. Mutanen da aka ɗauka kuwa ba kasafai suke ganin kansu ba.

Damagaram, wato Zinder, ta samu rabonta a Wasan Kara (1980) na Inoussa Ousseini, kan wasan da matasan Zinder ke kwaikwayon manya da kayan da suka ƙera da kara. Shi ne kuma ya kafa dandalin fina-finan gaskiya na Afirka a Yamai a 2006. Masu tasowa sun gaji kyamarar hannun, suka bar wa mutane bakinsu. Sani Magori ya ɗauki manoman albasa na Galmi, Aïcha Macky kuma, 'yar Damagaram, ta fitar da Zinder a 2021, inda samarin unguwar Kara-Kara ke ba da labarinsu da Hausa.